Fitilar Hagu

Lahadi, 12 ga Nuwamba, 2023

Razak ya yi mota.

Na rubuta, na sake karantawa, har yanzu maganar ba ta zauna mini ba. Razak tela. Mutumin da ni na riƙe masa sirdin keke muna yara a unguwar Maamobi, wanda har yau in zai tsallaka titin Nima sai ya jira wata tsohuwa ya bi bayanta. Ƙaninsa Awal da ke Amurka ne ya turo masa. Jiya aka fito da ita daga tashar jiragen ruwa ta Tema, yau bayan la'asar Mubashir makanike ya tuƙo ta zuwa bes ɗinmu, gindin bishiyar da muke shan ataya. Razak na kujerar gefe, ya rungume takardun motar a ƙirji.

Kuma da wata mota ce daban, da da sauƙi. Ita ce. Wannan ɗin dai da nake tsayawa kallo in ta wuce. Ruwan toka, ga wani layi da ya taso daga gefen fitila ya tafi siriri har baya bai karye ba. An bugi fuskarta ta hagu can Amurka, fitilar wajen ta fashe, amma ko a haka kyakkyawa ce.

Shekara goma sha tara ina sayar da fitilun mota a kasuwar Abossey Okai. Ka nuna mini tsinken gilashi in gaya maka motar da shekararta. Abin hawana babur ne.

Na ce masa Allah ya sa alheri. Na faɗa da ƙarfi ma, kowa ya ji.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Sunan da kamfani ya sa mata haruffa biyu ne da lamba, ba zan ɓata birona in rubuta ba. A da mota suna gare ta. Cressida. Bluebird. Laurel. Ka faɗa ka ji bakinka ya cika. Yanzu sai ka ce lambar maganin tari. Shi ya sa tun da daɗewa ni ke raɗa musu suna a unguwa, kuma in na raɗa ya bi ke nan. Ni na sa wa mai faɗin bayan nan Hajiya Ta Ƙoshi. Ni na sa wa mai haɗe girar nan Fushin Safe, yau ga shi har Asantawan kasuwa da ba sa jin Hausa suna leƙowa suna tambayata fitilar Fushin Safe.

Al'adar bes ce: mota ta kwana bakwai, mai ita ya sayo sukari da ganyen ataya, in zagaya ta sau uku, in faɗi sunanta. Lahadi mai zuwa ke nan. Razak har ya aiko mini saƙon murya yana tuna mini, wai kada in manta. Ina zan manta?

Talata, 14 ga Nuwamba

Razak ya zo shago da fasasshiyar fitilar a cikin leda, zare na rataye a wuyansa. Ya ce, Mufti, kai ne ubanta, ka nemo mata ido. Na juya ta, na duba lambar baya, na yi tsaki irin na sana'a, na ce irin wannan ta hagu babu ita a kasuwar nan kaf, sai an jira kwantena. Ya ce to, tunda kai ka faɗa.

Yana maganar nan gwiwata tana taɓa kwalin.

Fitilar tana ciki, ƙarƙashin kanta, a naɗe cikin tsohon tawul. Ta hagu, ta ainihi, ko ƙwarzane babu. A watan Maris na 2021 ta faɗo cikin wasu kaya da na saya a dunƙule. Na sa mata alamata da farin fenti a baya kamar yadda nake yi wa duk abin da ya shigo shagon nan, harafin sunana da wata da shekara, don kada wani ya musanya mini kaya ya dawo yana cewa nawa ne. Sai na kasa ɗora ta a kan shiryayye. Na ce wannan ta motata ce, in Allah ya kawo sauran jikin. Duk ranar Alhamis nake fito da ita in goge. Mutum uku sun taya, na ce babu.

Har suna na ajiye wa motar. Ban gaya wa kowa ba, a nan ma ba zan rubuta ba.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Ai ban yi masa ƙarya ba. Abin da ba na sayarwa ba ne, ba ya cikin kasuwa.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Ranar suna. Razak ya wuce gona da iri, ban da sukari da ganye har tsire ya sayo, ya sa farar jallabiya. Mutum ya kai ashirin a gindin bishiya. Na zagaya ta sau uku kamar kullum. A zagaye na biyu na ɗora hannu a kan rufin, ƙarfen ya yi ɗumi da rana, sai na janye hannuna.

Na koma benci na zauna na fara zuba magana. Na ce bakin gaban ya yi faɗi da yawa, masu zanen yanzu sun mayar da mota tarwaɗa. Na ce gilashin baya ƙanƙane ne, an yi wa ido ado an manta da direba. Na ce tayar ba za ta kai bikin Ista ba a ramukan Maamobi. Rabin abin da na faɗa gaskiya ne, ragowar ni kaina na san son zuciya ne.

Mubashir ya ce, mun ji wa'azi, ina sunan? Na ce ba a raɗa wa mota suna da ido ɗaya, a gyara ta tukuna. Babu wannan doka. A wurin na ƙirƙiro ta.

Aka yi dariya. Abin da ya fi ci mini rai, Razak bai ji haushi ba. Ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, abu sai da ƙa'idarsa, shi ma ba ya miƙa riga babu maɓalli. Ya ɗauko tsiren ya fara rabawa, ya ba ni mai kitsen da ya san ina so.

Na ci. Me zan yi?

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Na goge fitilar yau. Na daɗe a kai fiye da kullum.

Matata Suweiba ta ce kwana biyun nan ko sallama na yi kamar faɗa nake nema. Na ce kasuwa ce. Tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba, ta ce, Baban Amama, kasuwar ruwan toka ce ko? Matar nan wani lokaci ban san ta inda take ganin cikin mutum ba. Na fita alwala alhali da alwalata.

Juma'a, 1 ga Disamba

Innalillahi. Ya ɗinka wa kujerun riga. Da ragowar shadda, shuɗiya mai furanni, har da tattara a gefe irin ta siket ɗin amarya. A kan fata. Fatar da wani ya zauna ya zaɓi launinta don ta dace da dashbod. Ya rataya carbi biyu da turaren kanti a madubi. Kuma da sabulun wankin kaya yake wanke ta, na gani da idona bayan masallaci, kumfa har ƙasa.

Wannan ne abin da ke cin raina. Ba wai yana da ita ba. To, har da wannan. Amma bai san abin da yake da shi ba. In ka tambaye shi injin nawa ne sai ya ce yana gaba. Ni da na san yawan kusoshin da ke riƙe da bambarta, ina tsaye da hular kwano a hannu.

Na ce masa ya daina sa wannan sabulun, zai kashe fentin. Ya ce shi ya sa yake gode wa Allah da ya ba shi ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 9 ga Disamba

Mubashir na koya masa tuƙi a filin makaranta. Na bi ta wajen, ba da niyya ba. Na tsaya bayan katanga wajen rabin awa. Yana riƙe sitiyari kamar zai ƙwace masa. Sau huɗu ya taka birki a inda babu komai.

Amma da ya zagayo na biyar ya yi kwana mai kyau, sai ya daki sitiyarin yana dariya shi kaɗai. Rabon da in ga Razak ya yi irin wannan dariyar tun kafin rasuwar mahaifiyarsa. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji haushi ba. Ban san me na ji ba.

Laraba, 13 ga Disamba

Ya sake zuwa. Har yanzu lambar wucin gadi ce a jikinta, yana jiran Janairu kamar kowa, don lambar ta fito da 24 a ƙarshe, kada ta tsufa da shekara guda saboda sati uku. Ya ce Awal ya matsa, yana son hoton motar da sabuwar lamba a satin farko. Kuma ba za ta ci gwajin ofishin rajista da fitila ɗaya ba.

Ya ce, kwantenar ta iso? Na ce shiru. Ya zauna a kan kanta, daidai saman kwalin, yana kaɗa ƙafa. Ya ce wani ya ce masa ya zagaya layin baya ya tambaya, shi kuma ya ce ina, in Mufti ya ce babu a Abossey Okai, to babu.

Na ba shi ruwan leda. 

Ina da ikon ajiye kayana. Da guminta na saye ta. Ba shi ya yi shekara biyu da wata tara yana goge ta ba.

Litinin, 18 ga Disamba

Ya tafi Kumasi. Daga bakin Suweiba na ji, ita ma daga matar Razak ta ji. An ce masa a kasuwar kayan mota ta Suwame da ke can babu abin da ba a samu. A tsakiyar Disamba, lokacin da ɗinkin biki ya yi masa tsibi a shago, ya rufe ya hau bas. Mutumin da ko Kasoa nan kusa ya je sai ya yi amai.

Bai gaya mini ba. Wai kada in ji kamar ya raina ƙoƙarina.

Talata, 19 ga Disamba

Ban ci abincin rana ba. Babu dalili.

Alhamis, 21 ga Disamba

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara labarin a kaina ba.

Da hantsi sai ga shi, Mubashir ya tuƙo, shi yana gefe da kwali a cinya. Idonsa ja, leɓe a bushe, amma baki har kunne. Ya samo. Ya ce wata mata ta kwashe ɗinkin 'yarta ta kai wa wani saboda kwana biyun da ya yi ba ya nan, amma ba komai. Ya ce ba wanda zai ɗaura mata sai ni. Suka bar mini makulli, shi ya ruga shago, Mubashir ya tafi garejinsa.

Na buɗe kwalin. Kallo ɗaya na yi mata. Jikin daidai, kunnuwan daidai, za ta shiga ramin lafiya lau. Amma ta ƙasashen da ake tuƙi ta ɗaya hannun ce, alamar na nan a ƙasan gilashi ga wanda ya san inda ake dubawa. In aka kunna ta, hasken ba gefen titi zai sauka ba, cikin idon mai tahowa zai shiga. Sun ga tela, sun sayar masa.

Na shiga motar na zauna, wai in ja abin buɗe bonet. Karo na farko. Ko ta cikin shaddar banzan nan kujerar ta karɓe ni. Sitiyarin ya fi yadda na zata kauri. Na kai minti goma ban taɓa komai ba.

Abu uku ne a gabana. In ɗaura ta Kumasi in yi shiru. In gaya masa an cuce shi, ya yi asarar kwana biyu da mai ɗinki a banza, ni kuma in fito a gwani. Ko kuma in jawo kwalina. Wallahi na biyun nan ya yi mini daɗi a zuciya, har na shirya yadda zan faɗa a bes. Sai na tuno shi a filin makaranta yana taka birki a inda babu komai. Na hango shi a hanyar Nsawam bayan magariba, babbar mota na tahowa, direban ba ya gani.

Na shiga shago na jawo kwalina. Minti ashirin, kusoshi uku da soket ɗaya. Ta zauna kamar da ita aka haifi motar. Na ja baya na kalle ta da ido biyu. Ban taɓa ganin abin da ya kai ta kyau ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba.

Ta Kumasi na cusa ta bayan shiryayye. Da ya zo ɗauka na ce, Tela, ka iya sayayya. Ya rungume ni a gaban mutane.

Lahadi, 24 ga Disamba

Na san za a yi, amma ban zaci zai kai haka ba. Sau uku Razak ya ba da labarin Kumasi a bes, kowane karo layukan Suwame na ƙara tsawo. Ba da mugunta yake yi ba, murna ce. Mubashir ne ya sa gishiri. Ya ce, jama'a, sarkin fitila ya ce babu, tela ya je da zarensa ya ɗauko. Wani ya ce daga yau in ana neman kaya a fara tambayar shagon ɗinki. Har wani da ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba ya ce wai na tsufa.

Shekara goma sha tara. Kalma ɗaya zan faɗa duk su yi tsit. Na riƙe kofin ataya har ya huce.

Aka ce to ga ido biyu, sai suna. Na ce a bari ta sami lamba. Wannan karon ba don mugunta ba ne, bakina ne ba zai iya ba.

Asabar, 30 ga Disamba

Wani ya zo neman fitilar Fushin Safe, na ce ta ƙare, ya ce bari ya tambayi tela. Maganar har ta iso kasuwa.

Alhamis, 4 ga Janairu, 2024

Ta sami lamba. A waya na ga hoton, Mubashir ya sa a rukuninmu. Razak bai kira ni ba. Mutumin da ko allura ya saya sai ya kira.

Juma'a, 5 ga Janairu

A masallaci yana sahu biyu gabana. Ana sallamewa ya fita ta ɗaya ƙofar.

Ina cin abinci na tuna. Wajen gwaji ana buɗe bonet. Farin fenti. Na ajiye cokali. Ni da nake koya wa mutane duba bayan kaya, na manta da bayan nawa.

Lahadi, 7 ga Janairu

Kafin la'asar ya tsaya a ƙofar gidanmu, shi ya tuƙo da kansa. Ya ce in shigo. Muka zauna a ciki, inji a kashe, gilasai a rufe, zafi.

Ya ce, na ga alamarka. M, uku, ashirin da ɗaya. Shekara talatin na san rubutunka, Mufti.



Ya ce ranar da ya zauna a kan kanta, tana ƙasa? Na ce tana ƙasa. Ya ce ta Kumasi fa? Na gaya masa abin da ke damunta. Ya daɗe yana kallon carbin da ke madubi. Sannan ya ce, kwana biyu na yi a hanya, na yi amai har ba abin da ya rage. Da ka ce mini taka ce, ta motarka ce, wallahi da ban sake tambaya ba. Ni ma ina da yadin da na ɓoye shekara shida ban yanka wa kowa ba.

Wannan ce ta kashe ni. Da ihu ya yi da na sami abin riƙewa.

Na ce ya yafe mini. Ya ce yana kan yi, bai gama ba, in ba shi kwana biyu. Ya ce ya so ya goge fentin, sai ya fasa. Kuma ba zai faɗa a bes ba, don ya riga ya saba da zama gwanin Kumasi. Ya fita ya zagayo ya buɗe ƙofata, ya nuna mini kujerar direba, ya ce shi titin Nima ranar Lahadi ya fi ƙarfinsa.

Ni na kai ta gindin bishiya. Na zagaya sau uku. Na ce sunanta Tantabara. Saboda launin, irin na waɗanda Baba ke kiwo a saman rufinmu, kuma duk inda suka je suna dawowa gida. Mubashir ya ce, a'a, wannan sunan ba yau aka yi shi ba. Na ce ya sha atayarsa.

Alhamis, 11 ga Janairu

Har yanzu ina kan bakana, gilashin bayan ƙanƙane ne. Kuma rigar kujerun nan laifi ce, na gaya masa, ya ce sai dai in mutu.

Yau na sunkuya da tsumma a hannu kamar kowace Alhamis, sai tawul kawai. Na zauna jim. Na ninke shi na sa a jakar babur. Na biya ta shagon Razak, Tantabara na rakuɓe a bakin kwata, ƙura ta rufe fitilun. Na goge ta hagu. Zan tafi, sai na ga ba kyau a bar ɗaya, na goge ta dama ma.

Yana kan keken ɗinki, ya gan ni ta taga. Bai fito ba, bai kuma daina ɗinki ba. Ya ɗaga murya ya ce, ranar Asabar da wane sabulu?

Na ce zan zo da shi.